Ɗaya ga Janairu: Ranar Addu'ar da Aka Ƙi Sani

Kowace shekara, ranar ɗaya ga watan Janairu, yayin da ma'aikata ke hutu, ƴan lakwal kuma suna gida, wasu mutane ƙalilan sukan taru a babbar majami'ar Katolika ta birnin Maraɗi su yi addu'ar neman zaman lafiya. Daga Agiye zuwa Gazawa, daga Tsibiri zuwa Gidan Rumji, da wuya a sami malamin makaranta ɗaya cikin goma da zai iya faɗin sunan wannan rana, balle asalinta. Rashin sani ba laifi ba ne. Abin da ya zama laifi shi ne yadda masu ilimi, da zarar an ambace ta, sukan kaɗa hannu su ce ai wannan sha'anin Nasara ne, su juya zuwa wata hira. Waɗannan kuwa su ne mutanen da al'umma ta ɗora wa nauyin sanin abin da maƙwabci yake ciki: malamai, da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, da masu riƙe da makirfo a gidajen rediyon karkara. Su ne wannan magana ta shafa, kuma ba za ta yi musu daɗi ba.

Sai a fara da asali, don kada a yi gardama a cikin duhu. Fafaroma Paul na VI ne ya kafa ranar, cikin wani saƙo da ya fitar ranar 8 ga Disamba 1967, aka kuma yi bikinta na farko ranar 1 ga Janairu 1968. Lokacin ana tsakar yaƙin Biyetnam, wata shida bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila, ga kuma yaƙin basasar Najeriya yana ci a nan kusa, kudu da iyaka. Shekara huɗu kafin haka, a 1963, magabacinsa John na XXIII ya rubuta doguwar wasiƙa kan zaman lafiya a duniya, mai suna Pacem in Terris, wadda bai taƙaita ga mabiyansa ba. Paul na VI ya bi wannan sawu: ya bayyana a fili cewa ba ya nufin ranar ta zama ta ƴan Katolika su kaɗai, yana gayyatar duk mai kyakkyawar niyya. Ya kuma yi gargaɗin cewa zaman lafiyar da yake kira gare shi bai ƙunshi ragwanci ko gudun ɗaukar nauyi ba. Tun daga wannan shekara, Fafaroma yakan fitar da saƙo na musamman duk shekara, a aika wa shugabannin ƙasashe, a karanta a majami'u, har zuwa Leo na XIV wanda aka zaɓa a 2025.

To, mece ce hujjar masu kaɗa hannu? Hujjarsu ta farko tana da nauyi, kuma wanda ya raina ta bai san addinin mutanen wannan ƙasa ba. Ranar 1 ga Janairu, a kalandar Katolika, idi ne na Maryamu da laƙabin da suke ba ta na uwar Ubangiji, laƙabin da tauhidin Musulmi ba zai taɓa karɓa ba. Wannan gaskiya ne, babu kuma amfanin lulluɓe ta da zaƙin baki kamar yadda ake yi a tarurrukan otal. Aƙida biyu ce, sun rabu a nan, kuma za su ci gaba da rabuwa. Amma wa ya ce da Musulmi ya shiga majami'a ya durƙusa, ko ya ce amin ga abin da bai yarda da shi ba? Ibadar ranar ta masu ita ce. Saƙon ranar kuwa takarda ce da aka rubuta kan yaƙi da yunwa da bashi da ƙasa da gudun hijira, aka miƙa wa duniya. Malamin da ke koyar da tarihin juyin juya halin Faransa bai zama Bafaranshe ba, wanda ke karanta wa yara Dokar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948 bai bar sallarsa ba. Me ya sa sai a kan wannan takarda kaɗai imani zai yi rauni har a ji tsoron buɗe ta?

Ga wani abin da masu wannan hujja ba su cika ambata ba. Sunan Maryamu ba baƙo ba ne a zauren makarantar allo: sura ta 19 ta Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi, ita ce kuma mace tilo da Littafin ya kira da sunanta. Malaman sira sun ruwaito cewa da Musulmin farko suka rasa mafaka a Makka, wurin Najjashi, sarkin Habasha Kirista, aka tura su, kuma wannan surar ce aka karanta a fadarsa. Sun ruwaito zuwan tawagar Kiristocin Najran Madina, aka yi muhawara da su, ba su musulunta ba, suka koma gida da yarjejeniyar aminci. Suratul Hajji ta ambaci wuraren ibadar Kirista da na Yahudu tare da masallatai a cikin abin da Allah ke karewa daga rushewa. Almajirin da ya yi nisa a karatu a Caduwa ko Gangara ya san duk wannan. Wanda ya yi kamar bai sani ba, sau da yawa, shi ne ɗan bokon da ya tsinci addininsa daga kaset da wayar salula, ya fi malamansa zafi.

Hujja ta biyu ita ce ta yawa. Ana cewa Kirista nawa ne a ƙasar nan da har za a damu da ranarsu? Ƙidayar 2012 ta nuna kashi 99 cikin ɗari na mutanen Nijar Musulmi ne. Kiristoci, Katolika da sauran ɗariƙu a haɗe, ba su kai kashi ɗaya ba. Dayosis ɗin Maraɗi, wanda aka kafa ranar 13 ga Maris 2001 aka naɗa Ambroise Ouédraogo bishof ɗinsa na farko, ya haɗa jahohin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas da Diffa, faɗin da ya fi ƙasar Faransa, amma mabiyansa ba za su cika babban filin idi ɗaya na birnin Maraɗi ba. Duk wannan haka yake. Sai dai hujjar ta juya ta sari mai ita. Inda mutane suka yi kunnen doki a yawa, tsoron juna kan tilasta musu ladabi. Inda ɗaya ya rinjayi ɗaya da ɗari, babu abin da ke tsare ƙaramin sai halin babban. Saboda haka ƙarancin Kirista a Gobir da Katsinar Maraɗi ma'auni ne da ake auna mutuncin masu rinjaye, kuma an auna shi fiye da sau ɗaya.

An auna shi a watan Nuwamba 2000, lokacin da zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, wanda ake yi a kusa da Yamai, ta rikiɗe a Maraɗi ta zama farmaki kan wata majami'a da harabar ƴan mishan da gidajen mata masu zaman kansu, mutanen da ba su ɗinka riga ko ɗaya ta wannan biki ba. An auna shi ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, a Damagaram da Yamai da wasu garuruwa, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo: mutum goma suka mutu, ƴan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai. An sake aunawa a watan Yuni 2019, da aka cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya ta Maraɗi saboda hukuma ta kama wani limami da ya soki dokar tsara harkokin addini. A duk ukun an bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya yi laifin yana Paris, ko yana ofis a Yamai. Wanda aka ƙona wa ɗaki kuwa maƙwabci ne da ake sayen gero a kasuwa ɗaya da shi.

Abin da ya faru a 2015 ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ne jahiltar maƙwabci ta nuna farashinta. Zanen cin mutunci ne, fushin Musulmi kuma yana kan hanya. Babu mai hankalin da zai musa. Amma jaridar da ta yi shi ba ta Kirista ba ce, jarida ce ta marasa addini da ta shafe shekaru tana yi wa Fafaroma da Annabi Isa irin wannan izgili. Ranar 15 ga Janairu, kwana ɗaya tak kafin wutar Damagaram, Fafaroma Francis ya shaida wa ƴan jarida a cikin jirgin da ke kai shi Filifin cewa bai halatta a zagi addinin wasu ko a yi masa ba'a ba. Mako biyu kafin nan, saƙon ranar zaman lafiya na wannan shekara kan ƴan'uwantaka da yaƙi da bautar da mutane yake magana. Yaran da suka ɗauki fetur ba su ji ko ɗaya daga cikin wannan ba. A idonsu Bature da Nasara da Kirista da Faransa duk abu guda ne. Da yawansu sun zauna a aji, wani mushe ya koya musu kogunan Turai da sunayen sarakunan Songai, bai taɓa ɓata minti goma ya bayyana musu su wane ne mutanen da ke bayan katangar mishan ba. An ruwaito yadda wasu Musulmi suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu a waɗannan ranaku, Allah ya saka musu. Amma tarbiyyar gida ce ta sa su, makaranta ba ta da lada a ciki.

Kada kuma a ɗauka Kirista baƙin jiya ne a wannan yanki. Ƴan mishan na SIM, waɗanda ba Katolika ba ne, sun zauna a Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920, a gefen fadar Sarkin Gobir, suka buɗe asibitin kutare a Danja a shekarun 1950. Akwai iyalai Gobirawa da Katsinawa da suka kai jikoki da tattaɓa kunne cikin wannan addini, Hausa suke yi, fura suke sha, da Hausa suke waƙoƙin ibadarsu. A ɓangaren Katolika, wata mai zaman zuhudu ƴar Senegal, Marie-Catherine Kingbo, ta kafa ƙungiyar mata masu hidima a dayosis ɗin Maraɗi a 2006, suka yi aiki a Tsibiri da Ɗan Bako: ciyar da yara masu tamowa, makaranta, da tara limamai da masu gari a tattauna auren wuri da karatun ƴaƴa mata. Ta rasu a 2021. Matan karkarar da suka kai ƴaƴansu awo wurinta Musulmi ne, sun koma gida Musulmi. Tsibiri ɗin nan dai, garin da aka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, ya daɗe da sanin yadda ake zama da bambanci: malami yana nan, Inna da ƴan borinta suna nan, Arna da buɗin dajinsu suna nan. Mutanen da suka gaji wannan tarihi bai kamace su su firgita da takarda daga Roma ba.

Har yanzu dai ba a zo ga zuciyar maganar ba. Babban kuskuren masu raina wannan rana, da ma masu yabonta, shi ne zaton cewa batunta zaman Musulmi da Kirista ne kawai. Jinin da ya fi zuba a gundumomin nan uku ba a kan majami'a ya zuba ba. A ƙarshen watan Oktoba 1991, yayin da manyan ƙasa ke zaune a Yamai a Babban Taron Ƙasa suna tsara dimokuraɗiyya, aka kashe Fulani fiye da ɗari a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, akasarinsu mata da yara, a kan rikicin gona da kiwo. Waɗanda suka kashe da waɗanda aka kashe alƙibla ɗaya suke fuskanta. Yau ɗalibi zai gama kwaleji a Gidan Rumji bai taɓa jin sunan Toda daga bakin malaminsa ba, kamar dai rufe baki shi ne maganin miki. Alhali duk abin da ya haifi Toda yana nan: jahar da ƙidayar 2012 ta ba mutum miliyan 3 da dubu 400, gonakin da ake rabawa tsakanin magada har su koma kamar tabarma, burtalin da aka cinye da garma, mashayar da aka kewaye da shuka, da garken da ke gangarowa daga arewa kafin a kwashe amfanin gona.

A nan ne saƙonnin ɗaya ga Janairu ke da abin cewa, fiye da yadda masu su ma suke tsammani. Na 1972 ya ɗaure zaman lafiya da adalci, ya ce mai son na farko sai ya yi wa na biyu aiki. Na 1990 da na 2010 sun ɗaure shi da kiyaye ƙasa da itace da ruwa. Na 1993 da na 2009 sun ɗaure shi da yaƙi da talauci. Na 2002, kusan wata huɗu bayan harin 11 ga Satumba a Amurka, ya ce adalci ma ba ya kammala sai da yafiya. Na 2018 kan ƴan gudun hijira ne, na 2025 kan yafe wa ƙasashe matalauta bashi. Wanda ya bi jerin nan ba tare da an gaya masa marubucin ba, zai ɗauka wani ne da ya zauna a fadar hakimin Gazawa yana sauraron ƙararrakin iyakar gona. Babu ɗaya cikin saƙonnin da ya ce a yi addu'a a naɗe hannu. Wannan shi ne amsar hujja ta uku, ta ƴan zamani masu cewa addu'a ba ta tare harsashi. Al'ummar da ke fita roƙon ruwa in damina ta yi gardama, wadda ta yi ta alƙunutu a masallatai a 2023 lokacin da aka rufe iyaka aka yanke wuta ana barazanar yaƙi, ba ta buƙatar a koya mata darajar addu'a. Kuma ta san wanda ya roƙi ruwa bai yi shuka ba, ciyawa zai girba.

Misalin abin da ake nufi yana nan a ƙasar Agiye, ba sai an je nesa ba. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakin yankin sun koma fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. Dabarar barin tsiron kututture ya girma, wadda manoma ke kira sassaben zamani, wani ɗan mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa ta daga Maraɗi a 1983, manoma Musulmi suka karɓe ta suka mai da ita tasu, har masu bincike suka ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta a kudancin Nijar. Ba wanda ya tambayi addinin sabara ko na kalgo. Amma darasin da ya fi wannan yana Ɗan Saga, ƙauyen da sunansa ya kai har ƙasashen waje. Da itatuwa suka dawo, sai rigima ta biyo su: wa zai sara, wa zai kakkaɓe wa dabba ganye, wa zai biya in an yi ɓarna da dare? Mutanen garin suka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa manoma da mata da Fulani makiyaya, suka yi dokokinsu, suka sa tara. Wanda ake zargi da ɓarna aka ba shi kujera a cikin masu hukunci. Toda da Ɗan Saga jaha ɗaya suke, ƙasa iri ɗaya, talauci iri ɗaya.

Dokoki ma akwai su. Tun 1961 aka shata iyakar noma ta arewa. A 1993, shekara biyu bayan Toda, aka kafa ƙa'idojin dokar karkara da kwamitocin ƙasa. A 2010 aka ƙara dokar kiwo da ta amince wa makiyayi haƙƙin yawo da garkensa. Kowace kaka hukuma kan sa ranar sakin gonaki. Amma doka a takarda da Faransanci, a cikin akwatin sakatare, ba ta hana sanda tashi. Manomi nawa ne a Gidan Sori aka taɓa karanta wa waɗannan dokoki da Hausa, makiyayi nawa da Fulatanci? Wannan aikin malamai ne da ƙungiyoyin al'adu, su da suka iya harsunan biyu, kuma sun bar shi.

Sun bar shi ne saboda sun sami wanda ya fi shi sauƙi. Zaman lafiya ya zama sana'a. Proje ya zo da mota fara, a kama ɗaki a babban gari, a rataya ƙyalle mai rubutu, a kira liman ɗaya da fasto ɗaya da wakilin sarki, kowa ya tashi ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, a tafa, a ci shinkafa, a sa hannu a karɓi kuɗin zama. Karin maganar nan ta sha wuya a bakin masu taro har ta suɗe. Ba a taɓa jin an ambaci sunan burtali ɗaya da aka toshe a irin wannan zama ba, ko sunan mai kuɗin birni da ya saye makiyaya ya kewaye ta da waya, domin ambaton suna yana ɓata walima. Ranaku kuwa ba a rasa su ba: ga 24 ga Afrilu ta haɗin kan ƙasa, tunawa da yarjejeniyar 1995 da ƴan tawayen arewa, ga 21 ga Satumba ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Hatta wasan taubasantaka, wanda UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2014, an ɗauke shi daga bakin rijiya inda yake kashe faɗa, an kai shi dandali ana ba shi maki. Mai tambaya zai ce, to, in haka ne, me za a yi da ƙarin wata rana? Tambayar tana da kyau. Bambancin ɗaya ga Janairu shi ne babu kuɗin zama a cikinta, babu mota, kuma tana zuwa da rubutaccen matani da za a iya karantawa, a yarda da wani sashe, a yi gardama da wani. Ga ta kuma a tsakiyar rani, bayan an saki gonaki, daidai lokacin da ake iya zama a lissafa abin da kakar bana ta bari na ƙiyayya kafin wata damina ta zo.

Su ma ƴan Katolika ba su kuɓuta daga zargi ba, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Saƙon da aka ce na kowa ne yana fitowa da Faransanci da Larabci da harsunan Turai, a karanta wani yanki nasa a bayan katanga, a gaban jama'ar da da yawanta ma'aikata ne da ƴan kasuwa daga Benin da Togo da Burkina, sannan a ninke shi sai baɗi. In da gaske gayyata ce, to, gayyatar da ba ta fita ƙofar gida ba sunanta shawara da kai. Cocin da ya iya kai buhun hatsi ƙauye ta hannun ƙungiyarsa ta agaji lokacin yunwar 2005 ya iya kai shafi biyu na Hausa gidan rediyon Agiye. Tsoro ne ya hana, kuma bayan 2015 ba za a ce tsoron ba shi da dalili ba: ana gudun a ce wa'azi suke yi a ɓoye. Saboda haka ma nauyin ya koma kan masu rinjaye. Abin da zai zama abin zargi a hannun limamin Katolika, a hannun Alhaji shugaban ƙungiyar marubuta ko Malama daraktar makaranta karatu ne kawai. Ai tun 1967 fadar Fafaroma ke aiko wa Musulmin duniya gaisuwar azumi da ƙaramar salla kowace shekara, ba a ji wanda ya yi ridda don ya karɓa ba.

Malamai za su ce ranar tana faɗowa cikin hutu. Haka ne, amma ana komawa aji cikin makon farko na Janairu, kuma darasin tarbiyyar ɗan ƙasa yana cikin jadawali. Awa ɗaya ta isa a gaya wa yara wane ne ya kafa ranar da dalilinsa, me Musulunci ya ce game da amanar maƙwabci da wanda aka yi alkawari da shi, sannan a sauko ƙasa: a sa su zana taswirar burtalin garinsu, su tambayi kakanninsu inda yake bi a da, su gano gonar wa ta hau kansa. Yaron da ya yi wannan aiki ya fi wanda ya haddace waƙar zaman lafiya ta ranar rabon sakamako.

Akwai kuma waɗanda za a fara tambaya, in ana son a san ma'anar kalmar. Tun daga 2019 dubun dubatar mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, suna gudun ƴan bindiga masu satar shanu da mutane, suka sauka a ƙauyukan bakin iyaka na Gidan Rumji da Madarumfa. Kafin wata hukuma ta iso, talakawan da ba su da rarar damin gero ne suka buɗe musu zaure. Daga baya Hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnati suka matsar da wasunsu nesa da iyaka, zuwa Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori. Rikicin da ya koro su ya faro ne da irin abin da ya faru a Toda: gona, burtali, ramuwar gayya, da hukuncin da aka saya da kuɗi, har ya girma ya fi ƙarfin waɗanda suka haife shi. Maharan ba su tsaya a kan layin da Turawa suka shata ba. Sun sha tsallakowa su kore shanu su ɗauki mutane a ƙauyukan wannan gefe. Ƴaƴan waɗannan baƙi suna zaune a azuzuwan Cadakori tare da ƴan gari, a gaban malaman da ke cewa ranar addu'ar zaman lafiya ba ta shafe su ba.